Kiɗa da Dare, Reno da Safe: Jagora ga Makaɗi Mai Iyali

Wannan rubutu na yi shi ne saboda yaran da suka taso a hannuna suna riƙe mini kalangu, yau ga shi sun yi aure, har an fara yi musu haihuwa. Makon jiya ɗaya daga cikinsu ya zo mini da goron suna, ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Maigida, ni fa abin da ke damuna shi ne yadda zan haɗa wannan sana'a da riƙon gida." Na ce masa tambayar da ya yi ta fi koyon kiɗan wuya, don hannu yana faɗawa a shekara uku ko huɗu, amma ni na haura shekara ashirin a Kano ina rataye da kalangu, kuma sai da na yi 'ya'ya uku kafin na gane bakin zaren.

Ga bakin zaren. Kuɗin makaɗi da dare yake zuwa, a dunƙule, kuma yana da lokacinsa a shekara. Buƙatar yaro kuwa da sassafe take zuwa, kullum, ba ruwanta da ko an yi biki jiya ko ba a yi ba. Ma'aikacin gwamnati ya san ranar albashi, ɗan kasuwa yana ganin ciniki kowace rana ko da kaɗan ne. Kai kuwa sai ka tara a dare ɗaya abin da wani ke samu a wata, sannan ka yi mako biyar waya ba ta yi ƙara ba. Duk abin da zan faɗa a ƙasa dabara ce ta yadda za ka mayar da kuɗin dare ya zama kokon safe.

Ka fara da kalanda

Kafin ka sayi sabon kalangu, ka sayi kalanda mai ɗauke da watannin Musulunci da na Turawa a shafi ɗaya, ka kafa ta a ɗaki inda kai da mai ɗakinka za ku riƙa gani. Dalili shi ne samunka yana bin watan sama da yanayin gona, kashe kuɗinka kuma yana bin watan Bature.

Biki yana yawa a Rajab da Sha'aban, lokacin da kowa ke son a kai amarya kafin azumi. Da an ga watan Ramadan kiɗan biki ya tsaya cak, kwana 29 ko 30. Bayan ƙaramar Sallah sai a ɓalle, haka ma bayan babbar Sallah. A ƙauye kuwa kaka ce uwar biki, daga Nuwamba zuwa Janairu, in an kai amfani gida an sayar da wake da gyaɗa da riɗi. Tsakiyar damina, wajen Yuli da Agusta, manomi yana gona, rumbu ya yi ƙasa, ba mai neman makaɗi sai ɗaiɗai. A birni Disamba ba ta da na biyu, don ma'aikata suna hutu, 'yan makaranta suna gida.

Kuɗin makaranta kuma sau uku ne, Satumba da Janairu da wajen ƙarshen Afrilu, kuma na Satumba ya fi nauyi saboda sabon aji da littattafai da yunifom. Ka duba da kyau, na Satumba yana faɗowa daidai bayan watannin da aljihunka ya fi bushewa. Haka kayan Sallar yara, ana ɗinka su ne a cikin watan da ba ka buga ko take ɗaya ba. Saboda haka kuɗin Sha'aban ba naka ba ne, na azumi ne da tela. Kuɗin bayan babbar Sallah na Satumba ne. Ka rubuta haka a jikin kalandar da biro, tun kuɗin bai zo ba, don in ya zo hannu ya riga ya sami masu shi.

Akwai wani abu da matasa ba sa lura da shi. Shekarar Hijira kwana 354 ce, tana gaza ta Bature da kamar kwana 11, shi ya sa azumi ke matsowa baya kowace shekara. Lissafin da ya yi maka aiki bana, bayan shekara biyar ba zai yi ba. Duk farkon shekara ka zauna ka sake ɗora watannin a kan juna, ka ga inda rami zai faɗo. In ka ga azumi da kuɗin makaranta za su haɗu a wata guda, to tun wata uku kafin nan ka fara ɗaure ciki.

Ciniki

Wanda ya kira ka biki yana cikin farin ciki, bakinsa da zaƙi, kuma yawanci da gaske yake. Amma bayan biki aljihunsa ya huje, ga mai abinci, ga mai rumfa da kujeru, ga mai hoto, kowa yana bin sa. Makaɗi ne ake bari a ƙarshe, don ana ganin ai ya sha liƙi. Saboda haka magana tun ran gini, tun ran zane.

Abu biyar nake tambaya kafin in ce to. Wace rana, kuma wane ɓangare na bikin, kamu ne, ko yinin mata, ko wasan dare bayan ɗaurin aure? A ina, cikin gida ne, ko ƙofar gida, ko ɗakin taro? Ƙarfe nawa za a fara, ƙarfe nawa za a tashi? Wa zai kawo lasifika da janareto, wa zai zuba mai? Sannan in wajen gari ne, mota da masauki a kan wa? Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 na daina haɗa kuɗin mota da kuɗin kiɗa. Kowanne da bakinsa nake faɗa, don in ka haɗa su, duk ƙarin da direba ya yi daga bakin 'ya'yanka zai fita.

Kafin alƙalami rabin kuɗi ne, kuma ba na rubuta rana a kalanda sai ya shigo. Ciko kuwa kafin a fara kiɗa ake karɓa, ba bayan an tashi ba. Na san da nauyi ka tsaya gaban dattijo ka ce, "Alhaji, a cika mana kafin mu ɗaura." Shi ya sa ba kai za ka faɗa ba. Ka sa mutum ɗaya a ƙungiya, mai sanyin baki da kunya daidai gwargwado, ya zama shi ke maganar kuɗi da wakilin ango, kai kuma ka tsaya a kan gaisuwa da fatan alheri. Bayan an gama magana ta waya, ka sa a tura abin da aka yi yarjejeniya a kai ta WhatsApp, ko a rubuce ko da murya, a amsa da "haka ne". Wannan kaɗai ya kashe mini gardama da yawa.

Na koyi wannan ne da tsada. Wata shekara muka tafi biki wani gari mai nisa, mu bakwai, a kan alkawarin za a cika da safe. Da gari ya waye aka ce ango ya fita, wakilinsa kuma wayarsa a kashe. Na biya direba da yarana daga aljihuna, na dawo gida ranar Lahadi da dare, Litinin kuma aka koro babbar 'yata daga makaranta. Ta shigo da jakarta a hannu, ba ta yi kuka ba, ta dai ce, "Baba, an ce sai an kawo." Har yau in ana ciniki fuskarta nake tunawa, sai nauyin bakin ya tafi.

Ka kuma tambayi dokar wurin. A Kano Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, tana yi wa mawaƙa rajista, Hisba kuma tana sa ido a kan tarukan biki, musamman cakuɗuwar maza da mata da kaiwa dare. Wasu unguwanni da garuruwa suna da nasu ƙa'idar a kan lokacin tashi. Ka sa mai biki ya sanar da mai unguwa tun da wuri. In aka tashi taro a tsakiya, kayanka ne za a ɗauka, kuma kai ne ba za ka kwana a gida ba.

Lokacin siyasa kuwa, magana ɗaya ce: kuɗi a hannu kafin a hau mota. Alkawarin bayan zaɓe ba ya sayen madara.

Kalangu a gidan da akwai yara

Kalangu abu ne mai rai, in ka yi sakaci da shi zai ba ka kunya a gaban jama'a. Kangon ice ne, da tantani a baki biyu, da kirinya da ta riƙe tantanin, da tsirkiya da ta haɗa bakin biyu, wadda in ka matse ta a hammata murya ta hau, in ka saki ta sauka. Da haka yake kwaikwayon hawa da saukar maganar Bahaushe har a ce yana magana. Duk abin da ke jikinsa, in ka cire kangon, fata ce, kuma fata tana jin yanayi kamar jikin mutum.

Da damina tantani yana shan danshi ya saki, sai ka ji sauti ya dushe kamar mai mura. Kafin ka fita ka shanya shi a hantsi na ɗan lokaci, kana taɓawa da yatsa kana saurare. In babu rana ka kanga shi nesa da garwashi, nesa sosai, yadda bayan hannunka zai ji ɗumi kawai. Da hunturu kuma akasin haka ne, fata tana bushewa ta yi tauri, bugu ɗaya mai ƙarfi sai ta tsage. A lokacin ka riƙa ajiye shi cikin jakarsa, ka ɗan murza wa tsirkiya man kaɗe da yatsa biyu don kada ta karye, amma kada man ya taɓa tantani.

A gida, rataye shi za ka yi da maratayinsa a ƙusa, sama da inda hannun yaro zai kai ko ya taka kujera. A ƙasa akwai ɓera da gara da sanyin siminti, akwai kuma ɗan shekara biyu da cokali a hannu. Hana yaro taɓa kalangu bayan yana ganin ubansa da shi kullum ba zai yiwu ba, don haka ka ba shi nasa. Tsohon ɗan ƙaramin kalangu da ya gaji, ko gwangwanin madara da aka ɗaure wa fata, ya isa. In yana da nasa zai bar naka.

Kada ka fita biki da kalangu ɗaya ko sandar bugawa ɗaya. Tantani biyu na ajiya, da tsirkiya, da allura da zare, su zauna a jaka ko da yaushe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar biki

Aikin ranar biki a gida yake farawa. Kafin ka sa ƙafa a waje, kuɗin cefanen gobe ya kasance a hannun mai ɗakinka, da kuɗin tara na yara, da wani abu daban na ko-ta-kwana wanda zai isa adaidaita sahu zuwa asibiti da katin ganin likita. Kada ka ce sai na dawo. Ba ka san lokacin da za ka dawo ba.

Sannan waya. Mai kiɗa ba ya jin ƙarar waya, kuma ba zai tsaya a tsakiyar take ya ɗaga ba. Wani dare ɗana na biyu ya yi zazzaɓi mai zafi har ya fara sanƙarewa, uwarsa ta kira ni sau goma sha ɗaya, wayar tana aljihun rigar da na rataye a bayan rumfa. Maƙwabcinmu ne ya kai su asibiti a babur, Allah ya saka masa. Da na iso da asuba na tarar an sa wa yaron ruwa, ita kuma ta ɗago ta dube ni ta ce, "Malam, na yi ta kira." Ba ta ƙara komai ba. Tun daga ranar na sa doka: wayata tana hannun yaron da ke kula da kaya, lambarsa ma tana gida, in kira ya zo daga gida sau biyu a jere ya zo ya taɓa kafaɗata ko gaban wa nake. Kuma akwai maƙwabci ɗaya mai abin hawa da na roƙa tun da rana tsaka, ya san duk daren da ba na nan.

A wurin biki ka isa da wuri, ka ga inda za a zaunar da ku, ka nemi wanda zai faɗa maka sunayen dangi. Wannan shi ne rabin samunka. Sanƙira ko wani mai kaifin kai ya zauna da wata gwaggo ko wani kawu ya rubuta: uwar amarya, ƙannen uba, kakanni, garin asali, sana'ar gidan. Hajiyar da ka kira da sunan kakanta ba za ta zauna a kujera ba. Wanda ka yi wa kuskuren suna kuwa ya tafi da abinsa.

Maganar liƙi ta canza, dole mu ma mu canza. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa naira da tattaka ta a wurin biki, hukuncin kuma ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. Shekaru da yawa ba wanda ya kula, amma a 2024 hukumar EFCC ta fara kai mutane kotu a kan haka, har aka ɗaure wasu. Ka ajiye faranti babba ko ƙwarya a gabanka, sanƙira ya riƙa cewa a zuba a nan. Kuɗin ma ya fi tsira, don wanda ya faɗi ƙasa rabinsa ƙafa da hannun yaran unguwa ne ke cinyewa. Sannan ka tuna farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace aka yi ta biki ba mai ko ɗari biyu a hannu. Tun daga lokacin lambar asusuna tana rubuce da manyan baƙaƙe a jikin allo kusa da mu. Wanda ya ce ya tura, a gode masa, amma mai kula da waya ya duba asusun da kansa kafin a yi masa kirari na biyu.

Kunnenka jarinka ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da kunnen babba zai ɗauka lafiya shi ne ƙarar da ba ta wuce ma'auni 80 ba na awa 40 a mako, yaro kuma 75, alhali lasifikar biki tana wuce wannan nesa ba kusa ba. Kada ka zauna gaban lasifika, ka sa a juya bakinta wajen jama'a ku kuna bayanta. In ka dawo gida kana jin kunne yana ƙugi har washegari, gargaɗi ne. In abin ya zauna, ka nemi likitan kunne, akwai su a manyan asibitoci, akwai ma cibiya ta ƙasa a Kaduna da aikinta ke nan. Jariri kuwa ko da wasa kada a kawo shi kusa da wurin, ko bikin 'yan uwa ne.

In an tashi bayan sha biyun dare kuma wajen gari ne, ku kwana. Hanyoyi irin na Birnin Gwari da wasu sassan Zamfara da Katsina ko da rana sai da tambaya, kuma ko hanya lafiya take, direban da ya kwana yana kallon rawa bai kamata ya riƙe sitiyari ba. Na fi son 'ya'yana su tashi ba su gan ni ba da safe ɗaya a kan su rasa ni gaba ɗaya.

Rabo

Kuɗin ƙungiya a raba shi a daren, a gaban kowa. A shimfiɗa tabarma, a juye jaka, mutum biyu su ƙirga, sauran suna kallo. Takardun za su zo a cukurkuɗe, da danshin gumi da ƙamshin turaren mata, wasu a naɗe kamar sigari, sai an bi su ɗaya-ɗaya an miƙe a kan gwiwa, 'yan ɗari biyar gefe, 'yan ɗari biyu gefe. A karanta abin da ya shigo ta asusu da ƙarfi, a haɗa. Ƙungiyoyi da yawa da na sani ba rashin iya kiɗa ya wargaza su ba, zargi ne.

A wurinmu ga yadda muke yi. A fara cire mota da abinci da hayar kaya. A cire kashi ɗaya cikin goma a sa a asusun ƙungiya, na gyaran kalangai da ranar da wani zai kwanta ciwo ko matarsa ta haihu. Abin da ya rage a kasa shi: jagora kashi biyu, kowane makaɗi da ɗan amshi kashi ɗaya-ɗaya, yaro mai koyo rabin kashi. Wasu suna yin nasu daban, ba laifi, muddin an san ƙa'idar kafin a fita.

Naka kason kuma kada ya kwana a aljihun rigarka, don da safe masu gaisuwa za su zo, kuma kai da ka saba a ba ka, hannunka ba ya iya hanawa. Da ka shiga gida ka kasa shi uku. Kashi na farko abinci, kuma ba kuɗi za ka ajiye ba, hatsi za ka saya. In kaka ta yi, buhun masara ko gero da rabin buhun wake a ɗaki sun fi kuɗinsu a banki, don zuwa damina farashi ya tashi. Kashi na biyu makaranta da asibiti. Wannan ka kai shi inda hannunka ba zai kai da sauƙi ba: adashi wurin mai amana, a tsara kwasarka ta faɗo a Agusta, ko ka je makarantar ka biya zango mai zuwa tun kafin a tambaya, ka karɓi rasit. Kashi na uku ne naka, da na iyaye, da na zumunci.

Ka bar mai ɗakinka ta san nawa ya shigo. Na san maza da yawa ba sa so. Amma ita ce za ta riƙe gidan a makon da babu, kuma ba za ta iya auna tukunya ba in ba ta san abin da ke rumbu ba. In tana da 'yar sana'a, ƙuli ko ɗinki ko sayar da itace, ka zuba mata jari a lokacin da kake da shi. A 2020, da aka kulle Kano saboda korona aka hana taro, wata da watanni ban rataya kalangu ba. Injin markaɗen da na saya mata shekara biyu kafin nan shi ya ciyar da mu.

Kai ma ka nemi abin yi na rana. Yanzu iyalai da yawa suna son a yi wa amarya waƙa a situdiyo a tura musu a waya, kuma masu fiyano a wuraren Zoo Road suna neman mai kalangu na gaske ya ɗora musu hannu. Aikin awa biyu ne da rana, ka dawo gida kafin magariba.

Safiya

Ka dawo ƙarfe biyu ko uku, jiki yana rawa, kunne yana amo. Shawarata ita ce kada ka yi dogon barci kafin asuba. Ka ɗan kishingiɗa, ka yi sallah, ka zauna da yara su sha koko a gabanka, ka dubi wanda bai wanke fuska ba, ka raka su bakin titi. Minti arba'in ne. Bayan sun tafi ka rufe ƙofa ka yi barcinka har azahar, a gaya wa masu sallama ba ka tashi ba. In ka yi akasin haka, za ka farka sun tafi boko, su dawo su wuce Islamiyya, kafin su taso kai kuma ka fita. Sai a yi kwana huɗu kuna gida ɗaya ba ku haɗa ido ba.

Amma sana'ar nan tana da wata kyauta da ma'aikacin ofis ba shi da ita. Biki daga Alhamis zuwa Lahadi yake, Litinin da Talata da Laraba naka ne. Ka ba yara su. Kai za ka kai jariri rigakafi tare da uwarsa, na sati shida da na sati goma da na sati goma sha huɗu, da na ƙyanda a wata tara, ka riƙe katin a inda kake ajiye takardun ciniki. Kai za ka je makaranta ka ga malamin aji ba sai an kira ka ba. Kai za ka saurari hadda bayan magariba. Gwajin sabuwar waƙa da yaran ƙungiya kuma a yi shi da hantsi lokacin da yara ke makaranta, a wajen gida in da hali, don maƙwabta ma suna da haƙƙi.

In kana waƙa da bakinka, ka sha ruwa mai ɗumi da yawa, da ɗan zuma da citta, ka rage magana washegarin biki, ka rufe hanci da baki in ƙurar hunturu ta taso. Dushewar murya da ta wuce sati uku ta likita ce. Abin da zan roƙe ka da babbar murya shi ne ka nisanci ƙwaya. Za a miƙo maka tiramol a bayan rumfa a ce yana kashe gajiya, ko kwalbar kodin, wadda gwamnati ta hana sarrafa ta da shigo da ita tun 2018. Na ga hannaye masu kyau da suka lalace a kan wannan, na kuma ga 'ya'yansu. In gajiya ta yi yawa, ka rage biki ɗaya a mako.

Ɗan makaɗi

Wata rana yaronka zai dawo daga makaranta fuska a murtuke, an ce masa ɗan maroƙi. Kada ka yi faɗa, kada kuma ka yi kamar ba ka ji ba. Ka zaunar da shi ka gaya masa gaskiya: mutane suna son kiɗa a ranar farin cikinsu, amma wasunsu suna raina mai yin sa, kuma wannan tsohon abu ne a ƙasar Hausa. Ka gaya masa kalangu da mahauta ya taso, yana da asali da take tun kafin a haifi kakansa. Ka ba shi labarin Mamman Shata, mutumin Musawa, wanda mahaifinsa bai so ya yi waƙa ba, amma da kalangu ya zagaye duniya har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Ka gaya masa Ɗan Maraya Jos da ɗan kuntiginsa shi kaɗai ya yi suna, Barmani Choge kuma da ƙwarya. Amma abin da zai fi gamsar da shi ba labarin manya ba ne, halinka ne. In ya ga ba ka zambo don a ba ka, ba ka bin mutum har mota kana roƙo, kana sallah a kan lokaci, kana biyan bashi, zai san abin da zai mayar wa abokinsa.

Ka kuma tace bakinka a fili. Duk abin da ka rera yau akwai waya ashirin da ke ɗauka, gobe yana Facebook da TikTok, jibi yana hannun 'yan ajin 'yarka. Baitin da ba za ka so ta ji ba, kada ka yi shi ko nawa za a zuba.

Koya wa yaro kiɗa kuwa, ni ban hana ba, ban kuma tilasta ba. A da gado ne, ɗan makaɗi makaɗi ne, ba a tambayarsa. Yanzu sharaɗina biyu ne: ba ya bin mu wasan dare sai ya gama sakandare, kuma ba a taɓa kalangu sai an gama aikin gida na makaranta. Cikin 'ya'yana huɗu ɗaya ne kawai hannunsa ke ƙaiƙayi, na ukun. Ran Talata da la'asar nake sauko masa da ƙaramin, in ɗaura masa maratayi in rage tsawonsa da ƙulli biyu, in sa tafina a kan gwiwar hannunsa don ya ji lokacin matsewa da lokacin saki. Yanzu wata huɗu ke nan muna kan kiran sunansa da kalangu, gaɓa uku kacal, ta tsakiyar ce har yanzu take kuɓuce masa.